Yadda Za Ka Ƙarasa Wasannin Dabarun Yaƙi da Suka Taru Maka

Duk mai son wasannin bidiyo na dabarun yaƙi, irin waɗanda ake jera mayaƙa a fili mai gida-gida ana motsa su bi da bi, ya san yadda suke taruwa. An yi rangwame ka sayi Tactics Ogre, an yaba maka Triangle Strategy ka ɗauko, ga Fire Emblem biyu da ka tsaya a tsakiyarsu, ga XCOM 2 da ka buɗe sau ɗaya ka rufe. Kuma babu na yini ɗaya a cikinsu. Yaƙi guda kan ci rabin awa ko awa cur, labarin kuma yaƙe-yaƙe ne gommai.

A ganina ba tsawon ne ke hana mutane ƙarasawa ba. Abu biyu ne: maimaita yaƙi ɗaya don a fito babu ko ƙwarzane, da dogon hutu da ke sa mutum ya manta inda aka kwana, har ya ce bari ya sake daga farko. Matakan nan duk don toshe waɗannan ƙofofi biyu ne.

Ka rubuta su, ka ware su

Ɗauki takarda ka rubuta duk wasan da kake da shi, da na'urar da yake kai, da inda ka tsaya idan ka taɓa farawa. Daga nan ka ware su gida-gida, domin ba aiki ɗaya suke nema a wajenka ba.

Akwai gidan Fire Emblem, wanda Intelligent Systems suka fara a 1990 a kan Famicom, tsohuwar na'urar wasa ta Nintendo. A nan rundunarka duka ce ke motsawa, sannan abokan gaba duka su motsa, lissafin kuma na tarawa da ragewa ne da za ka iya yi da ka. Akwai gidan mai tsara wasanni Yasumi Matsuno, wato Tactics Ogre na 1995 da Final Fantasy Tactics na 1997, inda saurin kowane mayaƙi ne ke yanke lokacin da karonsa zai zo, tudu da kwari suna da tasiri, kuma rabin wasan a shirya sana'o'in mayaƙa yake, wato zaɓen wa zai zama barde, maharbi ko mai sihiri. Triangle Strategy na 2022 daga wannan tsatso ya fito. Sai gidan XCOM, wanda asalinsa wasan Julian Gollop ne na 1994 kafin Firaxis su farfaɗo da shi a 2012: bindigogi, fakewa a bayan bango, da kula da sansani tsakanin yaƙi da yaƙi. Sai Disgaea na Nippon Ichi na 2003, wanda mayaƙi kan kai mataki na 9999, da gangan aka gina shi don kada ya ƙare. Sai gajeru, irin su Into the Breach na 2018 mai fili takwas sau takwas da mayaƙa uku, da The Banner Saga da ya fito kashi uku, a 2014 da 2016 da 2018.

Wannan warewar ce za ta ba ka jerin. Kada ka bi dogo da dogo daga gida ɗaya. Wanda ya gama Tactics Ogre ya faɗa Final Fantasy Tactics washegari, gajiya ce za ta kayar da shi, ba wahalar wasan ba. Ka sa gajere a tsakanin manya, ka kuma sauya gida. Idan akwai wanda ka riga ka ci rabinsa kuma kana iya tuna labarinsa, da shi za ka fara, domin gama ɗaya da wuri yana ƙara ƙarfin gwiwa fiye da duk wani tsari da ka zana.

Abu ɗaya ke iya sauya jerin: tsufan na'ura. Nintendo sun rufe sayayya a shagonsu na 3DS a Maris 2023, kuma batirin tsofaffin na'urorin hannu ba ƙara lafiya yake ba. Idan Fire Emblem Awakening ko Echoes na jiranka a kan 3DS, ka matso da su gaba. Wanda ke kan kwamfuta zai jira.

Sannan wasa ɗaya tak a lokaci guda. Taura biyu ba ta taunuwa, musamman a nan, inda kowane wasa ke da nasa ƙa'idojin da sai sun zauna a kai. Idan wurin ajiya ya ba ka dama, ka sauke sauran daga na'urar don kada su riƙa yi maka ƙyalli.

Ka yanke ma'anar "na gama" tun kafin ka fara

Wannan matakin ƙarami ne amma shi ke ceton watanni. Fire Emblem: Three Houses na 2019 yana da hanyoyin labari huɗu, kuma rabin farko kusan iri ɗaya ne a dukkansu. Tactics Ogre yana rabuwa tun daga hukuncin da za ka yanke a garin Balmamusa a ƙarshen babi na farko, ga kuma kurkukun ƙarƙashin ƙasa mai hawa 100 ko fiye da ba dole ba ne. Triangle Strategy yana da ƙarshe huɗu. Wanda ya ce sai ya ga komai kafin ya matsa, wasa ɗaya zai cinye masa shekara.

Shawarata: hanya ɗaya, har sunayen waɗanda suka haɗa wasan su hau allo. Shi ke nan, ka gama. Ka zaɓi hanyar da ranka ya kwanta da ita, kada ka je neman wadda aka ce ita ce "ta gaskiya". Masu haɗa waɗannan wasanni sun so ka ɗauki nauyin hukuncinka, kuma daɗin Balmamusa yana cikin rashin sanin abin da zai biyo baya.

Saituna

Ka zaɓi matsakaicin matakin wahala. Mafi wahala an yi shi ne don wanda ya san taswirorin, ya san ta inda ƙarin dakaru ke ɓullowa. Ka kashe dogayen hotunan sara da suka bayan yaƙi biyu ko uku na farko, ka ƙara saurin motsin abokan gaba, ka sa rubutu ya fito da sauri. Daƙiƙa goma a kowane hari, a yaƙin da ake kai hari sau ɗari, ka lissafa da kanka.

Sai batun mutuwar da ba dawowa. A tsarin Fire Emblem na asali, mayaƙin da ya faɗi ya tafi ke nan har ƙarshen wasa. Tun daga New Mystery of the Emblem na 2010, sai Awakening da ya yaɗa abin, an ƙara salon Casual, inda wanda ya faɗi ke dawowa a yaƙi na gaba. Ka yi wa kanka tambaya ta gaskiya: idan mayaƙi ya mutu, zan ci gaba ko zan kashe na'urar in sake? Idan amsar ita ce za ka sake, to tsarin asali bai ƙara maka komai ba sai ɓata lokaci, ka ɗauki Casual ba tare da jin kunya ba. Idan kuwa za ka iya haɗiye asarar ka wuce, ka ɗauki na asali, domin a nan ne wasan ya fi taɓa zuciya. Matsalar tana ga wanda ya tsaya a tsakiya, ya zaɓi mutuwa ta dindindin amma bai taɓa yarda kowa ya mutu ba. Shi ne ke maimaita babi ɗaya dare uku.

Ajiya uku, ba ɗaya ba

Ka riƙa juya wuraren ajiya aƙalla uku: ɗaya a farkon babi, ɗaya kafin yaƙi, ɗaya kuma wanda ba ka taɓawa sai kana kan babbar taswira, inda za ka iya zuwa kasuwa ko ka yi atisaye. Dalilin yana da suna, Riovanes. A babi na uku na tsohon Final Fantasy Tactics, ka shiga wannan fada sai wasan ya jero maka yaƙe-yaƙe a jere, yana tambayarka ko za ka ajiye a tsakaninsu. Ka ce e a kan ajiyarka ɗaya tilo, sai ka tsinci Ramza, jagoran rundunarka, shi kaɗai a gaban wani ƙaƙƙarfan abokin gaba, Wiegraf, babu hanyar komawa baya, babu wurin ƙara ƙarfi. Mutane da yawa a nan wasansu ya mutu, wasu suka sake daga farko, wasu ba su ƙara buɗe shi ba. Duk lokacin da wasa ya ce ka ajiye alhali ba ka fito fili ba, ka buɗe sabon wuri.

Yadda ake buga yaƙi sau ɗaya a wuce

A nan yawancin lokacin ke tafiya, don haka bari mu tsaya.

Kafin ka motsa kowa, ka karanta sharaɗin nasara. Ba kowane yaƙi ne ake cinsa da kashe kowa ba. Wani a kashe shugaba ne kawai, wani a kama kujera, wani a tsira na wasu zagaye. A Tactics Ogre yaƙe-yaƙe da dama suna ƙarewa da zarar jagoran abokan gaba ya faɗi. A Valkyria Chronicles na 2008, darajar da ake ba ka a ƙarshen yaƙi ta dogara ne ga yawan zagayen da ka ɗauka, don haka kama sansani da sauri ya fi share fili.

Sannan ka bi abokan gaba ɗaya bayan ɗaya ka duba makamansu. Minti uku ne, amma ya fi awa ɗaya ta maimaici. Wa ke da baka? Idan kana da mai dokin fiffike, wannan ne ajalinta. Wa ke riƙe da makamin da ke fasa sulke ko ke kayar da doki? Wa ke da sihiri, wanda ba ruwansa da kaurin sulken bardenka? A Fire Emblem da yawa akwai zagayen makamai da aka shigo da shi a 1996: takobi na cin gatari, gatari na cin mashi, mashi na cin takobi. Ka kunna alamar da ke nuna iyakar inda abokan gaba za su iya kai hari, ka bar ta a kunne.

Yanzu ga lissafin da ke raba mai ƙarasawa da mai maimaitawa. Ba tambayar "wa zan iya kashewa" ba ce, tambayar ita ce "idan na tsaya a wannan gidan, mutum nawa za su iya taɓa ni". A ce bardenka na da rai 24, kariyarsa 7. Masu gatari uku na kusa, ƙarfin harin kowanne 18. Kowane sara zai ci 11. Biyu suka same shi, 22 ke nan, ya tsira da 2. Uku suka same shi, ya tafi. To aikinka shi ne ka nemo gidan da biyu kaɗai za su iya isa gare shi: bakin gada, ƙofa, ko gefen bango, ko ka sa wani ya tare gida na uku. Sai ka duba sauri, domin a wasannin Fire Emblem na na'urar Game Boy Advance wanda ya fi ka saurin hari da maki 4 zai sare ka sau biyu, a Awakening kuma da maki 5. Akwai kuma tarkon da sababbi ke faɗawa: idan bardenka ya yi ƙarfi har yana kashe duk wanda ya tare shi da ramuwa, gidan da mamacin ya bari zai buɗe wa na bayansa, sai a yi ta shigowa har a gama da shi. Wani lokaci makami mai rauni a hannun mai tsaron ƙofa ya fi aminci.

Ka tsara karonka daga marar tabbas zuwa mai tabbas. Harin da ka iya kuskurewa shi za ka fara kaiwa, tun kana da sauran mayaƙan da za su gyara idan ya kuskure. Mai warkarwa da mai tare hanya su ne na ƙarshe. A XCOM wannan doka ta fi tsanani: kada ka tura sojanka na ƙarshe ya leƙa wurin da ba a gani, domin idan ya tayar da gungun baƙin halittu babu wanda ya rage da zai harba. Wanda zai buɗe sabon wuri shi ne na farko a zagaye.

Game da kaso cikin ɗari da allo ke nunawa na yiwuwar hari ya samu kuma, ka ɗauke shi da gaske. Harbi mai kashi 95 yana kuskurewa sau ɗaya cikin ashirin, kuma a wasa guda za ka yi irin wannan harbin sau ɗaruruwa. Ba zalunci ba ne idan ya faru. Abin tambaya kafin ka danna shi ne me zai biyo baya idan ya kuskure. Idan amsar mutuwa ce, ka nemi gurneti ko wani abin da ba ya kuskure. Wani abin sha'awa, Fire Emblem da dama, daga na 2002 har zuwa Awakening, suna jefa lamba biyu su ɗauki matsakaicinsu, don haka abin da ya nuna 80 ya fi 80 a zahiri, abin da ya nuna 20 kuma bai kai 20 ba. Mai kauce wa sara ya fi ƙarfi a can fiye da yadda allo ke nunawa.

A gidan Matsuno ka ƙara tudu da fuska. Maharbin da ke saman rufi yana kai kibiya nesa, sara ta baya kuma ta fi samun mutum. Yaƙin Dorter a farkon Final Fantasy Tactics darasi ne a kan haka: maharbi a can ƙololuwa, masu sihiri a bayan barde, kai kuma a ƙasa. Ka duba jerin karo kafin ka fara dogon sihiri, kada ya sauka bayan wanda ka nufa ya bar wurin.

Idan an yi asara

Ka kafa wa kanka doka tun kana cikin natsuwa, domin a lokacin da aka kashe maka gwani ba za ka yi hukunci mai kyau ba. Tawa mai sauƙi ce: ana sake yaƙi ne kawai idan an sha kashi gaba ɗaya, ko an rasa wanda rundunar ba za ta tsaya babu shi ba. Sauran asara a ɗauke ta a wuce. Tsofaffin Fire Emblem suna ba ka mayaƙa fiye da yadda fili zai ɗauka, da masu ƙarfi da ke shigowa a makare, daidai don cike irin wannan gurbi.

Idan wasan na da hanyar mayar da karo baya, ka yi amfani da ita. Tactics Ogre ya samu tasa a bugun PSP na 2010, Fire Emblem ya samu a Echoes na 2017, aka ci gaba da ita a Three Houses da Engage. An sa su ne don kuskuren minti na arba'in kada ya jawo maimaita minti arba'in. Triangle Strategy ma yana bar maka ƙwarewar da mayaƙanka suka tara ko da an ci ka, don haka kowane gwaji na ƙara maka ƙarfi.

Yaƙi ya kayar da kai sau uku? Ka daina maimaita dabara ɗaya. Ka sauya waɗanda ka fito da su, ko wurin da ka jera su, ko ka sauke matakin wahala na wannan yaƙin. A nan ne kuma ya dace ka nemi bayanin yadda wasu suka ci shi. Wannan yaƙin kaɗai za ka karanta, ba wasan duka ba.

Runduna da atisaye

Ka zaɓi mutanen da fili ke ɗauka, ka ƙara biyu ko uku na ko-ta-kwana, ka bar sauran a benci. Raba makin ƙwarewa ga mutum talatin yana haifar da rarrauna talatin. Tsohon barden da ake ba ka tun farko, irin Jagen na Fire Emblem na farko ko Frederick na Awakening, kada ka jingine shi don tsoron zai cinye maki. Ka sa shi ya raunana abokan gaba, ƙanana su ƙarasa, kuma idan abu ya rikice shi ne mai fitar da kai.

Atisaye don tara maki yana da daɗi, shi ya sa yake da haɗari. Ka yi shi da manufa: ina son wannan sana'ar, ko wannan fasahar, da na samu na koma labari. A Final Fantasy Tactics dodannin da kake cin karo da su a hanya suna girma tare da matakinka, alhali kayan yaƙinka suna jiran labari ya ci gaba kafin kasuwa ta kawo sababbi, don haka yawan atisaye na iya mayar da hanya ta fi fagen labari haɗari. Tactics Ogre: Reborn na 2022 ya sa wa mataki iyaka a kowane sashe na labari, wato idan yaƙi ya gagare ka a can, gyaran yana cikin tsarin runduna. A Disgaea kuwa, duniyar da ke cikin makamai rami ne marar ƙasa. Ka leƙa gwargwadon abin da labari ya buƙata, ka fito.

Zama ɗaya, yaƙi ɗaya, da layi uku a takarda

Ka auna zamanka da yaƙi, ba da awa ba. Kada ka fara yaƙin da ka san ba za ka gama ba, kuma ka yi sayayya da shirin runduna a ƙarshen zama, don gobe da ka buɗe fagen daga za ka shiga kai tsaye. Idan abin da ke jiranka shi ne rabin awa na jera kaya, hannunka zai yi nauyin ɗaukar na'urar.

Kafin ka rufe, ka rubuta layi uku: inda labari ya tsaya, abin da kake gina wa kowane babban mayaƙi, da abin da za ka fara yi gobe. Misali: "Mun kama tashar jirgin ruwa, yarima ya gudu. Maharbiya na neman maki kaɗan ta sauya sana'a. A sayi maganin dafi kafin yaƙin fadama." Idan rayuwa ta ɗauke ka wata biyu, waɗannan layukan ne za su hana ka cewa bari in sake daga farko. Da ka dawo, ka buga ƙaramin yaƙin gefe guda ɗaya hannu ya tuna, sannan ka ci gaba daga inda kake. Sake farawa sai a XCOM, idan sansanin ya riga ya rushe, misali a XCOM: Enemy Unknown inda ficewar ƙasashe 8 cikin 16 masu tallafa maka ke kawo ƙarshen wasa kuma kana gab da hakan.

Wanda bai karɓe ka ba

Ka ba kowane wasa yaƙi biyar ko shida, domin irin waɗannan ba sa nuna kansu sai an buɗe sana'o'i da sauran tsare-tsare. Idan bayan haka kana jin nauyin buɗe shi, ka soke shi daga takardar, ka rubuta dalili a gefe cikin jimla ɗaya. Dalilin zai yi maka amfani: idan ka ga sau biyu ka rubuta "yawan zirga-zirga tsakanin yaƙi", ka san abin da za ka guje wa a rangwame na gaba. Kuma har sai ka gama biyu daga cikin jerin, kada ka sayi sabo.

Wanda ka gama kuwa, ka bar ajiyarsa ta ƙarshe kada ka goge. The Banner Saga na ɗaukar hukunce-hukuncenka daga kashi zuwa kashi, sababbin bugun Tactics Ogre kuma suna buɗe maka hanyar komawa mararrabar labari da rundunarka bayan ka gama, don haka sauran hanyoyin za su zo da sauƙi duk ranar da ka so su. Ka rubuta su a wata takarda daban, ka huta kwana biyu ko uku, sannan ka ɗauko gajeren da ke biye a jerin.